Akawun ɗina da cajin obadiraf, abin da na gani da idona a bankin da nake

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya wata wasiƙa ta sake shigowa daga bankina wai sun gyara wasu sharuɗɗan akawun, ina buɗe ta abin da ya same ni a 2020 ya dawo min sabo fil, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta saboda 'yan uwa da ke nan Birtaniya musamman sababbin zuwa, kullum sai an tambaye ni wane akawun ya kamata a buɗe kuma mene ne wannan obadiraf ɗin da ake ta tura wa mutum a manhaja. Sunan bankin ba zan faɗa ba, babba ne dai cikin waɗanda kake ganin reshensu a bakin titi, nan albashina ke shiga tun zuwana, haya da wuta da gas da harajin kansila duk daga nan ake cira kai tsaye.

Obadiraf a taƙaice bashi ne, banki ya barka ka ci gaba da kashewa bayan kuɗinka sun ƙare, sai akawun ya koma jan layi. Iri biyu ne, akwai wanda kuka shirya da banki tun farko suka sa maka iyaka, nawa fam 500 ne, sai kuma wanda ka faɗa ba shiri, wato ka wuce iyakar ko kuma baka da ita ma gaba ɗaya wani bil ya zo ya ja ka ƙasa. A da wannan na biyun shi ne masifar, wasu bankunan kullum suke caji, wasu wata wata, ga cajin mayar da biyan da bai wuce ba, mutum ya zarce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sai ya tarar da tara ta ninka abin da ya ci.

To a watan Yunin 2019 hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta fito da sababbin dokoki, suka fara aiki 6 ga Afrilun 2020. An hana banki cajin wanda ya faɗa ba shiri fiye da wanda ya shirya, an soke cajin kullum da na wata, aka ce kuɗin ruwa ɗaya kawai za a sa na shekara wanda kowa zai iya kwatantawa da na wani banki. Hukumar da kanta tace bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga obadiraf a 2017, kuma a 2016 fiye da rabin cajin marasa shiri ya fito ne daga aljihun kashi 1.5 cikin 100 na kwastomomi, ka san kuwa waɗannan ba masu hali bane. Don haka dokar ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, gyara ne da ya daɗe da kamata.

Matsalar ita ce yadda bankunan suka karɓe ta. Nationwide suka fara sanar da kashi 39.9, HSBC 39.9, Santander 39.9, Lloyds ma 39.9 ga mafi yawan mutane, Barclays suka tsaya a 35, kai kace baki suka haɗa, har sai da FCA ta rubuta musu a Janairun 2020 tana neman su yi bayanin yadda kowa ya iso kusan lamba ɗaya. Ƙananan bankunan waya irin su Monzo da Starling su suka raba abin hawa hawa gwargwadon tarihin bashin mutum, Starling 15 da 25 da 35, Monzo 19 da 29 da 39.

Ni tawa wasiƙar ta wannan canjin ta zo cikin farin ambulan mai kauri, shafi goma sha wani abu, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Shafin farko duk daɗin baki ne, wai sun sauƙaƙa min, wai yanzu babu cajin ɓoye, wai mutane da yawa zasu biya ƙasa da da. Sai a shafi na uku cikin wani ɗan teburi na ga ainihin maganar, kuɗin ruwana zai tashi daga 19.9 zuwa 39.9, kuma ɗan rangwamen da suke min a farkon bashin wanda ba a caji sun cire shi. Can ƙasa kuma suka rubuta idan basu ji daga gare ni ba kafin ranar to sun ɗauka na amince. Eh doka ta basu dama, wata biyu ake ba mutum kafin irin wannan canji kuma kana iya rufe akawun ɗinka kyauta idan baka yarda ba, amma wanda ake binsa fam 500 ina zai samo su ya biya kafin ya rufe? Wannan shi ne abin da ya fi min ciwo, zaɓin da suka ce ina da shi a takarda ne kawai.

Daren nan na zauna a teburin kicin da biro da bayan ambulan ɗin ina lissafi, uwargida ta fito tace Baban yara lafiya kake ta danna kalkuleta har ƙarfe ɗaya, nace mata zo ki gani. Fam 500 na kwana 30 a tsohon farashi wajen fam 7 da rabi ne, a sabo kusan fam 14. Wani zai ce ai ba yawa, to a lokacin ni kusan kullum a jan layi nake, albashi ya shigo 28 ga wata ya cike ramin, haya ta fita 1 ga wata in sake komawa ciki, abin ya zama kamar rijiya kana yasa tana cikowa. A shekara sama da fam 160 kenan a kan kuɗin da ban taɓa jin na ranta ba, don wallahi har na saba ina kallon iyakar nan kamar kuɗina ne, manhajar ma a da haka take nuna min, ta haɗa nawa da nasu ta kira shi abin da zan iya kashewa. Daga baya an hana su wannan haɗin, kuma ya kamata.

Amma in faɗi gaskiya tsakani da Allah, ga wanda sau ɗaya sau biyu yake zamewa sabon tsarin ya fi masa nesa ba kusa ba. Fam 100 na kwana ɗaya a kashi 39.9 wajen peni 9 ne, fam 200 na mako guda bai kai fam ɗaya da rabi ba. Wani abokin aikina da bil ɗin wayarsa ke yawan riga albashinsa da kwana biyu murna ya dinga yi. Mu da muka bi ƙa'ida muka je muka shirya da banki tun farko muke zaune a cikin iyakarmu, mu aka ɗora wa kayan.

Lokacin korona an ɗan samu sa'ida, FCA tace wanda annobar ta taɓa zai iya neman a ɗage masa kuɗin ruwa a kan fam 500 na farko har wata uku, na nema ta manhaja kuma cikin kwana ɗaya aka amince ba wani jan rai, a nan kam sun kyauta.

Inda zan fi yaba musu shi ne wata mata da na samu a waya. Na yi minti arba'in ina jira ana sa min kiɗa har na kusa kashewa, amma da ta ɗauka bata yi min gaggawa ba, ta buɗe akawun ɗin muka bi wata shida baya layi layi, tace min abin da nake yi ba obadiraf bane kuma, bashi ne na dindindin a farashin da ya fi na katin bashi da yawa tsada, ta tambaye ni nawa zan iya ragewa duk wata ba tare da gida ya shiga wani hali ba. Muka tsaya a kan fam 50, duk wata su sauke iyakar da hamsin, ta kuma taimaka aka matsar da ranar cirar wuta da gas zuwa bayan albashi. Wata goma cif na fita. Daga baya na gane cewa dokar ce ma ta wajabta musu su nemo masu maimaita obadiraf su taimaka musu, to me ya hana a rubuta wannan a shafin farko na wasiƙar da manyan baƙaƙe, sai ni zan kira in yi ta jira?

Saƙon alat ɗinsu yana aiki, da safe zai shigo ya ce ka kusa shiga ko ka shiga, kuma idan ka zuba kuɗi kafin lokacin da suka faɗa a ranar ba a cajinka. Manhajar bata cika tsayawa ba. Reshe kuwa na kusa da ni sun rufe shi, yanzu sai na hau bas.

Ga mai son barin bankinsa akwai tsarin sauya akawun da ake da shi tun 2013, kwana bakwai na aiki sabon bankin zai kwaso albashi da duk biyan da ake cira maka ya rufe tsohon, kyauta ne, sai dai idan ana binka obadiraf dole sabon ya yarda ya ɗauka ko ka biya tukuna. Wanda kuma baya son harkar kuɗin ruwa sam, manyan bankuna tara doka ta sa su ba da akawun na asali mara caji mara obadiraf ga wanda ya cancanta, ba kasafai suke tallata shi ba sai ka tambaya. Idan kuma kayi ƙorafi mako takwas suka wuce ba gamsasshiyar amsa, kana iya kai su gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta ƙorafi tsakanin kwastoma da banki, ba ko sisi.

Ni dai maki uku zan basu cikin biyar, ɗaya na matar nan ce. Har yanzu ina bankin amma na sa sun cire min obadiraf ɗin gaba ɗaya, sau biyu manhaja tana turo min wai na cancanci fam 1,000 ina danna a'a. Wasiƙar makon jiya kuwa daga shafi na uku na fara karanta ta.