Gargaɗi ga mutanen Maradi kan mai allurar tsirar da gashi

Ƙanena ya kwana 9 a asibiti bayan an yi masa tiyatar gaggawa a fatar kai, kuma sanadin wannan wahala allura ce da wani mutum ya yi masa a cikin ɗakin haya da sunan maganin sanƙo. Da izininsa nake wannan rubutu, domin mun tabbata ba shi kaɗai aka yi wa ba, sai dai kunya ta hana sauran buɗe baki.

Mutumin ya shigo gari ne bayan ƙaramar salla, ya kama ɗaki a bayan wani shagon aski, ya rataya farar riga irin ta likitoci, sannan ya baza bidiyo a WhatsApp yana cewa ya yi karatu a Turkiyya kuma ya zo da allurar ƙwayoyin halitta na asali, wato ƙwayoyin jiki masu haifar da sauran ƙwayoyi, da ke tsirar da sabon gashi cikin kwana 40. Kuɗin aikin jaka 150 ne, ana tura jaka 50 ta waya a matsayin kafin alƙalami. Ƙanena yana da shekara 31, ana shirin aurensa, sanƙo kuwa ya ci masa goshi har ya kai ba ya cire hula ko a cikin gida saboda tsokanar abokai. Da ya nuna shakka, sai mutumin ya buɗe wayarsa ya nuna masa hoton wani ɓera marar gashi wanda wani ɗan tsiron baƙin gashi ya fito masa a baya, ya ce masa: "Alhaji, ka ga aikin masana da idonka, irin wannan ne a cikin kwalbar nan."

Abin da ya sa yaudarar ke kama masu hankali shi ne binciken da yake fakewa da shi na gaskiya ne. Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan gurbi a cikin fata, kuma da dukkan gurabensa ake haihuwar mutum, kimanin 100,000 a kai, jiki ba ya ƙera sabbi bayan haihuwa. A sanƙo na gado, wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT ne yake tsuke gurbin sannu a hankali har gashin ya koma siriri kamar na jariri. A shekarar 1990, George Cotsarelis da abokan aikinsa a Amurka suka gano inda ƙwayoyin asali suke zaune a jikin gurbin, kuma a 2011 tawagarsa ta nuna cewa kan mai sanƙo yana nan da ƙwayoyinsa na asali, abin da ya ragu shi ne ƙwayoyin da suke haifarwa don su gina gashin. A 2012, masana a Japan ƙarƙashin Takashi Tsuji suka haɗa gurbin gashi a ɗakin gwaji suka dasa a jikin ɓeraye, gashi ya tsiro, kuma ina kyautata zaton daga irin wannan aiki ne aka ɗauko hoton da aka nuna wa ƙanena. Tsakanin bayan ɓera da kan ɗan Adam kuwa akwai tafiya mai nisa, domin ƙwayoyin mutum da ke tayar da gashi suna saurin rasa wannan ƙarfi idan aka rene su a wajen jiki, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wata allurar ƙwayoyin asali a matsayin maganin sanƙo ba. Rayayyun ƙwayoyi ma ɗakin gwaji mai tsananin tsabta suke buƙata, shi kuwa wannan mutum a cikin kula yake ajiye kwalbarsa, tare da ƙanƙara da ruwan leda, a zafin Maradi.

Magungunan da aka tabbatar kaɗan ne kuma ba sa yin abin al'ajabi. Akwai minoxidil na shafawa, wanda aka amince da shi a Amurka a 1988, da ƙwayar finasteride ta maza a 1997, dukkansu sai an yi watanni kafin a ga canji, kuma da an daina gashin yake komawa gidan jiya. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya dominsa ba ya ƙirƙirar komai, ciro gurabe ake yi daga ƙeya a mayar gaba. Wani zubewar gashin ma daga makero yake, ko kitso mai tsauri, ko ƙarancin jini, waɗanda likitan fata zai gane ya magance da kuɗi kaɗan.

Ranar allurar, mutumin ya tsira wa ƙanena allura wajen sau 20 a tsakar kai ba tare da safar hannu ba, kuma daga cikin wani kwano ya ɗauko sirinjin, ba a gabansa aka fasa sabo ba. A kwana na 3 kai ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, da ya kira mutumin sai ya ce masa alamar aiki ce, saiwar gashi ce ke farkawa, kuma kada ya kuskura ya je asibiti domin likitocin gari hassada suke masa. Wannan magana ita ce mafi muni a cikin duk abin da ya aikata, domin ita ta cinye mana kwana biyu. A kwana na 5 ne ƙanena ya kira ni cikin dare muryarsa na rawa, ya ce: "Yaya, don Allah ka zo, amma kar ka gaya wa Inna." Na tarar da shi fatar idanunsa ta kumbura har ba ya iya buɗe na hagu, da na ɗora yatsa a kansa kuwa sai na ji yana lotsawa kamar salka mai ruwa. A adaidaita muka kai shi sashen gaggawa, kuma kafin asuba an shiga da shi ɗakin tiyata.

Likitan da ya yi aikin ya bayyana mani cewa a ƙarƙashin fatar kai akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri mai sakwa-sakwa, wanda idan mugunya ta shiga takan bazu tun daga ƙeya har goshi ta gangaro idanu, kuma akwai ƙananan jijiyoyin jini da suke ratsa ƙoƙon kai, ta inda cutar kan iya kaiwa kusa da ƙwaƙwalwa. Idan mugunya ta riga ta taru, maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya isa, dole a tsaga a matse a wanke, a kuma yanke naman da ya mutu kafin cutar ta shiga jini. An yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau, aka ce a sake bayan wata 3 saboda sirinjin nan na cikin kwano. Inda aka yanke ya zama tabo mai faɗin yatsu uku, kuma tabo ba ya da gurbin gashi, don haka wurin ba zai sake tsiro ba. Kuɗin asibiti da na farmasi sun zarce abin da ya ba mayaudarin.

Duk wanda aka yi wa allura ko tsaga a kai sannan ya ga kumburi mai bazuwa, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko kumburin ido, ko fata ta yi baƙi tana wari, ko ya fara ruɗewa, to a kai shi sashen gaggawa a wannan sa'a, musamman idan yana da ciwon suga, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi, a tafi da kwalbar idan tana hannu. Wanda kuma aka yi wa ya ga kamar lafiya lau, shi ma ya je a gwada jininsa. Kafin ku miƙa wa kowa kanku, ku nemi takardar izinin aikinsa ku tabbatar da ita a ofishin kiwon lafiya na jiha, domin farar riga ko tela yana ɗinka ta.

Da muka koma ɗakin mun tarar da kwaɗo a ƙofa, lambar wayarsa a kashe, mai shagon askin kuma ya ce haya kawai ya ba shi, bai san inda ya nufa ba. Mun kai ƙara komisariya tare da bidiyon da shaidar tura kuɗin, kuma ina roƙon duk wanda ya biya shi ya je ya ƙara tasa shaidar ko da ba ya so a sani a unguwa. Ƴan uwa na Tasawa da Madarunfa da Gidan Rumji da Dakwaro su sa ido, domin har jiya an turo mani bidiyon nasa da sabuwar lamba a ƙasansa.