Filash ɗin tsofaffin fina-finan Italiya: wa ya ce a shafa wa De Sica kala?

Da na san abin da aka yi wa fim ɗin Ladri di biciclette a cikin filash ɗin nan, wallahi da ban tura kuɗina ba. Mai sayarwar ya tallata shi da cewa tsofaffin fina-finan Italiya ne "an gyara su tas". Kowa ya ji haka zai ɗauka an share tabon tsufa ne, an daidaita sauti. Ashe kala aka bi aka shafa wa na baƙi-da-fari da kwamfuta.

Vittorio De Sica ya yi fim ɗin a 1948, a titunan birnin Rum, lokacin da talaucin bayan yaƙi bai saki mutane ba. Jarumin ma, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne aka ɗauko, ba ɗan fim ba. Akwai wurin da matar ta kwashe zannuwan gadonsu ta kai jingina don mijin ya fanso kekensa ya samu aikin liƙa fasta. Sai kyamara ta bi ma'aikacin gidan jinginar yana hawa kantoci da ƙullin a hannu, ga ƙulle-ƙullen zannuwan wasu gidajen jibge har sama. A asalin fim ɗin wannan farin da ya cika allo shi ke gaya maka ba su kaɗai yunwa ta kama ba. A nawa kuwa, wani ƙullin ya zama rawaya, wani ruwan hoda, kalar tana rawa duk lokacin da kyamara ta motsa. Fuskokin mutane kamar an shafa musu manja. Yaron nan Bruno, ɗan mai keken, idan ya juya kai sai kunnensa ya koma toka, ya sake juyowa ya yi ja. A ƙarshen fim, inda yake kuka ya kama hannun ubansa a cikin taro, ni hankalina yana kan rigar uban da ke sauya kala. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Haka aka yi wa Roma città aperta na Rossellini, na 1945. Ban iya wuce wurin da Anna Magnani ke bin motar sojojin Jamus da gudu ba, na kashe.

Amma gaskiya ɗaya ce, waɗanda tun asali masu kala ne sun fito da kyau fiye da yadda na zata. Senso na Visconti, 1954, ya buɗe a gidan wasan La Fenice na Venice, 'yan kishin ƙasa suna watso takardu kore da fari da ja daga bene a kan hafsoshin Ostiriya masu fararen kaya. Tutar Italiya ce ke zubo musu a ka, kuma kalar ce ke ba da labarin. Il deserto rosso na 1964 ma garau yake. Shi ne fim ɗin Antonioni na farko mai kala, kuma har 'ya'yan itacen da ke kan keken mai talla ya sa aka yi wa fenti ruwan toka don su dace da halin da Monica Vitti ke ciki a tsakiyar hayaƙin masana'antun Ravenna. Saboda waɗannan biyun har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai kallonsu ne ma ya ƙara min haushi. Mutanen nan sun san abin da suke yi. Tun 1952 Italiya ta fitar da fim mai kala, Totò a colori, amma Fellini ya yi La dolce vita a 1960 da 8½ a 1963 duk a baƙi-da-fari, bai yi cikakken fim mai kala ba sai 1965. Haske da inuwa aka tsara musu. To da wane dalili wani zai zauna gaban kwamfuta ya zaɓa musu kalar riga?

Na kira mai sayarwar. Cewa ya yi, "Haba Malam, yanzu wa ke kallon baƙi-da-fari? Kwastomomi ne ke so." Na ce to ya turo min na asalin, ya ce ba shi da su, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Ban ma kai ga yi masa maganar fassarar da ke ƙasan allo ba, wadda a fim ɗin La strada take zuwa bayan mai magana ya rufe baki.

Tauraro biyu na ba shi, kuma na Visconti da Antonioni ne. Duk mai niyyar saya, ya sa a turo masa guntun 8½ tukuna ya gani da idonsa kafin ya biya.