Wace Manhaja Ta Fi Dacewa da Lissafin Ƙasar Tono da Ciko?

Idan aikinka zagaye tsibin ƙasa ne ko ramin haƙa a kan taswirar tudu da kwari ta kwamfuta don fitar da kubik mitar da ke ciki, ɗauki QGIS. Kyauta ce, kuma lissafinta a fili yake: faɗin fili (tsawo sau faɗi) na kowane ɗan murabba'in taswira take ninkawa da tazarar tsayinsa daga shimfiɗar da ka zaɓa, wato matakin da ake fara awo daga kansa, sannan ta tara.

Fara da juya taswirar zuwa tsarin UTM, mai auna wuri da mita. In ka bar ta a digiri, kamar EPSG:4326, adadin da zai fito ba kubik mita ba ne. Sai ka yanke taswirar da layin da ka zagaye, ka buɗe kayan aikin QGIS mai suna Raster surface volume, ka ba ta tsayin shimfiɗa. Wannan na fili miƙaƙƙe ne kawai. A gangare, ɗauki tsayin maki a kan layin iyakar, ka gina shimfiɗar TIN da su (shimfiɗa ce ta alwatikai masu haɗa makin), ka ɗebe tsayinta daga na taswirar, ka tara bambancin da Zonal statistics, ka ninka da faɗin filin murabba'i ɗaya.

Manhajar Civil 3D ta ƙware a aikin titi, amma kuɗin lasisinta ya yi wa mai auna tsibi yawa. ArcGIS Pro kuwa sai da ƙarin lasisin 3D Analyst za ka taɓa Polygon Volume, kayan aikinta na wannan lissafi.

Ha'inci kuwa ba daga manhaja yake zuwa ba, daga bayanan da aka sayar maka ne. Wasu kan ɗauko SRTM, taswirar tudu da kwari ta duniya wadda aka auna tun 2000 da murabba'i mai kusan mita 30, su tsattsaga ta zuwa mita 1, su ce sabon awo ne. Ba a auna tsibin yashi da ita. Wasu su kawo awon jirgi maras matuƙi ba tare da makin tabbatarwa a ƙasa (wuraren da aka riga aka auna tsayinsu) ba, alhali kuskuren santimita 10 a tsayi a kan hekta ɗaya kubik mita 1,000 ne cif. Ka tambaya ko an cire ciyawa, bishiyoyi da motocin haƙa, don duk za a ƙirga su a matsayin ƙasa. Ka kuma sa ido kan ɗan kwangilar da ya ɗauki wuri mafi kwari a gangare ya mai da shi shimfiɗa. Tsibin zai kumbura a takarda.

Kafin biyan kuɗi, a rubuta ko ƙasar da ke kwance ake nufi ko wadda aka tono, domin tonanniya kan ƙara yawa, dannanniya kuma ta ragu.