Agogon da ke amsa kira: na ɗaura, ga abin da na gani

A 1946 Chester Gould, mai zana labari a jaridun Amurka, ya ɗaura wa ɗan sandan cikinsa Dick Tracy rediyo a tsintsiyar hannu, yana magana da ofis ta cikinta. A 1964 ya ƙara mata allon talabijin. Martin Cooper, injiniyan Motorola da ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973, ya ce wannan zanen na cikin abubuwan da suka zaburar da shi.

Sha'awar wannan ce ta kai ni sayen agogon zamani mai layinsa na kansa, wato eSIM, SIM ɗin da ke gine a cikin na'urar ba sai an sa kati ba. Ka bar waya a gida, a kira ka, ka ɗaga hannu ka amsa. Wallahi yana yi, kuma muryata na isa tangaram.

Sai dai mai zanen bai hango 'yan kallo ba. Lasifikar a buɗe take, duk na kusa da kai yana jin sirrinka. In kuma wuri ya cika da hayaniya, sai ka manna agogon a kunne, ka sauke shi zuwa baki, ka sake mayarwa, har kafaɗa ta gaji. Batir kuwa, kira na cin sa ƙwarai. Ranar da na yi doguwar hira, ba ya kai ni dare.

Abin da ya riƙe ni ma yana bayan agogon ne, inda wasu ƙananan fitilu kore ke haska fata. Jini na shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta tunkuɗo jini, hasken da ke dawowa sai ya ragu, na'urar ta ƙirga bugun daga nan. Da shi na gane yadda rashin barci ke ɗaga mini bugun zuciya washegari, har na gyara lokacin kwanciyata. Ba likita ba ne, amma ya sa ina lura da jikina.

In don kira za ka saya, haɗa da abin sauraro na Bluetooth, kuma ka fara tambayar kamfanin layinka ko yana ba agogo eSIM, domin ba duka ke bayarwa ba.