Kafin ka zaɓi kyamara marar madubi, duba gilasan da za su hau bakinta

Duk wanda ya yi niyyar sayen sabuwar kyamara marar madubi, wato wadda aka cire mata madubin da ke tsakanin gilashi da sensa a tsofaffin kyamarori, abin da ake fara cika masa kunne da shi shi ne yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, da saurin ɗaukar hoto a daƙiƙa guda. Waɗannan suna da nasu amfani, amma a ganina tambayar da ta cancanci a fara da ita ita ce waɗanne gilasai (lens) ne za su hau bakin kyamarar, wato zoben da ake ɗaura gilashi a jikinta, ba tare da wahala ba, domin jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yakan bi mai shi daga wannan jiki zuwa wancan muddin bakin bai canza ba. Wanda ya sayi kyamara ya ɗaure kansa ne da baki guda, kuma kuɗin da zai kashe a kan gilasai daga baya sau da yawa yakan zarce na jikin.

Maganar kyawun hoto ba ta buƙatar dogon bayani, saboda tazarar da ke tsakanin manyan kamfanoni ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi tasiri shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da haske yake sauka a kansa. Cikakkiyar sensa tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, ta APS-C tana da kimanin 23.5 da 15.6 (ta Canon ta ɗan fi wannan ƙanƙanta), ta Micro Four Thirds kuma 17.3 da 13. Babbar sensa ta fi tara haske, don haka hotonta na dare ko na cikin ɗaki ya fi tsabta daga ɗigo-ɗigon nan mai kama da yashi, kuma ta fi sauƙin narkar da bayan mutum a hoton fuska. Game da megafiksel, hoto mai 24 yana da ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda ya isa a buga shi a takarda mai tsawon kimanin santimita 50 ba tare da ido ya ga rauni ba, bidiyon 4K kuwa bai wuce megafiksel 8.3 ba. Saboda haka idan aka jera Nikon Z6 III ta 2024 mai 24.5, da Canon EOS R6 Mark II ta 2022 mai 24.2, da Sony a7 IV ta 2021 mai 33, aka ɗora wa kowacce gilashi mai inganci, da wuya mai kallo ya iya rantsewa wace ce ta ɗauki wane hoto. Bambancin da zai gani da idonsa daga gilashi yake fitowa: ko gefunan hoto sun yi kaifi kamar tsakiyarsa, ko launin shunayya yana malala a gefen abubuwa masu ƙyalli, ko hasken rana yana wanke hoton idan aka fuskance ta.

Cire madubi ya sa gilashi ya matso kusa da sensa, kuma wannan tazara ita ce tushen duk maganar dacewa. A tsohon bakin Canon EF na 1987 tazarar milimita 44 ce, a Nikon F na 1959 kuma 46.5. A sababbin bakuna ta koma 20 a Canon RF, 18 a Sony E, 16 a Nikon Z. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gilashin da aka ƙera wa doguwar tazara yana iya hawa jiki mai gajeriyar tazara ta hanyar adafta, wato zoben da ake sawa tsakanin gilashi da jiki, wadda za ta cike gurbin, amma akasin haka ba ya yiwuwa sai da ƙarin gilashi a tsakani, wanda yakan rage kaifin hoto.

Zaɓina a wannan fage shi ne Sony da bakinta na E, kuma ba na ɓoye shi. Bakin ya fito a 2010 tare da NEX-3 da NEX-5, a 2011 kamfanin ya buɗe wa sauran masu ƙera gilasai bayanan bakin ba tare da karɓar kuɗi ba, a 2013 kuma ya fitar da a7 da a7R masu cikakkiyar sensa, shekara biyar kafin Canon da Nikon su shigo da nasu a 2018. Waɗannan shekaru biyar ɗin su ne ribar mai saye a yau. Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox da Zeiss duk sun ƙera gilasan da suke hawa bakin E kai tsaye, suna kama fokus da kansu, suna bin idon mutum, suna kuma rubuta bayanansu a cikin hoton kamar gilasan gida. Tamron 28-75mm f/2.8, wanda ya fito a 2018 aka kuma sabunta shi a 2021, misali ne mai kyau, domin ya ba masu ƙaramin ƙarfi damar samun gilashin zuƙowa mai buɗaɗɗen ido wanda da sai masu hannu da shuni. A kusan kowane tsawo da mai hoto yake buƙata, 35mm ko 50mm ko 85mm, zai tarar da gilasai da dama daga kamfanoni daban-daban, mai tsada da matsakaici da mai rahusa, sabo da na hannu. Haka nan baki ɗaya ne tun daga ƙaramar a6700 mai sensar APS-C har zuwa manyan jikuna, don haka wanda ya fara da ƙarama ya sayi gilasai masu alamar FE, wato na cikakkiyar sensa, ba zai yi asarar ko ɗaya ba ranar da ya koma babba.

Ba wai Sony a7 IV, ɗaya daga manyan jikunan bakin E, ba ta da aibi ba ne. Sensarta ba ta karanta hoto da sauri, shi ya sa idan aka yi amfani da shotar lantarki marar ƙara (shota ita ce mai buɗe wa haske hanya lokacin ɗaukar hoto), ko aka juya kyamara da sauri a bidiyo, sandunan da suke tsaye sukan fito a karkace. Bidiyonta na 4K mai firem 60 a daƙiƙa yana yanke gefen hoto zuwa girman APS-C, kuma a nan Z6 III ta fi ta nesa ba kusa ba. Sannan a manyan jikunanta masu gudu Sony ta taƙaita gilasan wasu kamfanoni a hoto 15 a daƙiƙa, kodayake wannan bai shafi a7 IV ba tunda iyakarta 10 ce. Duk da haka, ga mai ɗaukar fuskoki da taruka da tafiye-tafiye, waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka auna su da yalwar gilasai.

Nikon Z ce ta biyu a wurina, kuma tana matsowa. Bakinta ya fi na Sony da na Canon faɗi, milimita 55, gilasanta na layin S suna da kaifi ƙwarai, Tamron ta fara ƙera mata a 2022, Sigma kuma a 2023. Sai dai wanda yake da tsofaffin gilasan Nikon masu alamar AF-D ya sani cewa adaftar FTZ, wadda take ɗora gilasan bakin F a jikin Z, ba ta da injin da yake juya su, don haka a kan jikin Z sai dai ya saita fokus da hannu. Canon tana da adafta mafi aminci ga mai tarin gilasan EF, tunda bakin EF na lantarki ne zalla tun asali, amma izinin da ta ba Sigma da Tamron a 2024 ya tsaya ne a kan gilasan APS-C, kuma wannan kaɗai ya isa in kauce mata idan daga tushe zan fara. Fujifilm X tana da launi mai daɗi amma ba ta da cikakkiyar sensa a wannan baki. Bakin L na haɗakar Leica da Panasonic da Sigma yana da kyau ga mai bidiyo, Micro Four Thirds kuma ga mai son kaya marasa nauyi.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan gilashin da yake hawa kai tsaye shi ne abin da wata adafta mai rahusa ta taɓa yi mini a tsakiyar aiki. A gida ta yi aiki lafiya lau, amma da aka shiga zaure mai ƙarancin haske sai gilashin ya riƙa kai da komowa yana laluben fuska bai kama ba, can kuma allon ya nuna cewa babu gilashi a jiki sam. Da na kwance ta na duba, sai na ga zoben yana da ɗan lilo wanda bai kai kaurin farce ba, kuma wannan ya isa ya raba ƙananan haƙoran tagullar da suke kai saƙo tsakanin gilashi da jiki. Hotunan da suka tsira ma gefensu na hagu ya fi na dama kaifi, saboda zoben bai zauna daidai ba. Araha ba ta ado. Adaftar da kamfanin kyamara ya ƙera wa gilasansa abin dogaro ce, amma wadda take fassara tsakanin kamfanoni biyu tana iya daina aiki duk ranar da aka sabunta manhajar cikin kyamara, kuma babu wanda zai ɗauki alhakin hakan. Ya kamata kuma a tuna cewa baki yana mutuwa: Nikon 1 ta tsaya a 2018, Canon EF-M wanda ya fara a 2012 ya ƙare a 2023, kuma gilasansa ba sa hawa RF domin tazararsu ta 18 ta gaza 20. Duk wanda aka yi wa tayin irin waɗannan a matsayin garaɓasa ya san cewa hanyar ba ta ɓullewa.

Wannan ya kawo ni ga masu ha'inci, waɗanda a ganina sun fi kowane bambanci tsakanin Sony da Nikon hatsari ga aljihun mai saye. Yaudara mafi sauƙi ita ce a sayar wa mai cikakkiyar sensa gilashin APS-C, tunda bakin ɗaya ne kuma zai hau ba gardama. Kyamarar za ta yanke hoton da kanta ba tare da ta yi ƙorafi ba, sai megafiksel 33 ya koma kimanin 14, 24 kuma ya koma kimanin 10. Rubutun jikin gilashin shi ne shaida: a Sony a nemi FE, a Sigma DG na cikakkiyar sensa ne DC kuma na ƙarama, a Tamron Di III na babba ne Di III-A na ƙarama, a Nikon alamar DX ta ƙarama ce, a Canon kuma RF-S.

Gilashin hannu kuwa kada a karɓe shi sai an haska tocila ta bayansa an leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta da illa, kusan kowane gilashi yana da ita, amma idan aka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, kuma idan ta daɗe takan ci rufin gilashin har gogewa ba ta maido shi. Hazo mai kama da tururi a ciki shi ma alama ce ta matsala. Bayan haka a buɗe idon gilashin iyakar buɗewarsa, a saita fokus a kan wani abu mai nisa kamar hasumiya, a kashe fokus mai saita kansa, sannan a ɗauki abin nan sau huɗu, kowane karo a wata kusurwa ta hoton. Idan kusurwa ɗaya ta fito a dushe sauran suna da kaifi, gilashin ya taɓa faɗuwa ko an kwance shi an mayar ba daidai ba, kuma mai sayarwa ba zai faɗa ba. A duba kawunan ƙananan kusoshin da ke bayan gilashin, domin idan sun kwarzane an taɓa buɗe shi. Jikin da aka ce sabo ne a duba adadin bugun shotarsa, a kuma gwada lambar da ke ƙasansa da ta kwali da ta takardar garanti, su zo ɗaya. Akwai kayan da suke na gaske amma an shigo da su ta bayan fage daga wata ƙasa, kuma wakilin kamfani yana iya ƙin gyara su a ƙarƙashin garanti, saboda haka a tambayi wannan a fili a kuma sa a rubuta amsar a rasit.

Batir da katin memori su ne inda jabu ya fi yawa, kuma wasu masu sayarwa sukan zare na asali daga kwali su musanya da na bogi. Batirin jabu yakan yi saurin mutuwa, yakan nuna kaso mai yawa sannan ya ɗauke ba zato, wani ma yakan kumbura ya maƙale a cikin kyamara. Rubutun jikinsa sau da yawa ba ya da kaifi, kuma idan aka ɗora shi a tafin hannu tare da na asali yakan fi sauƙi. Katin bogi ya fi muni, domin an sauya bayanansa ya riƙa nuna gigabait 128 alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, kuma ba zai nuna halinsa ba sai ya cika ainihin girmansa, daga nan hotuna su fara lalacewa ba tare da gargaɗi ba. Alamar V30 tana nufin katin zai rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa, V60 megabait 60, V90 kuma 90, amma mai jabu yana buga kowace alama ya ga dama. Kafin a saka sabon kati a kyamara a haɗa shi da kwamfuta a gwada shi da manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, waɗanda suke cika katin gaba ɗaya su sake karanta abin da suka rubuta, kuma a yi wannan gwaji tun wa'adin mayar da kaya bai wuce ba.