Kantar ƙarfe da ake ratayawa a rufin gareji: ƙarfen ya yi, amma a duba katako

Ba ni da abin kushewa game da ƙarfen wannan kanta. Faɗinta ƙafa 4, tsawonta ƙafa 8, fentinta bai ɓare ba duk da zafin da kwano ke zubowa a watan Afrilu. Akwatuna, tabarmi, da tukwanen biki duk sun koma sama, ƙofar mota ta daina bugun kaya.

Inda nake da magana shi ne nauyin da aka rubuta a jikin kwalin, wai tana ɗaukar kilo 270. To, ƙarfen ne ke ɗaukar wannan, ba rufin gidanka ba. An ƙera irin waɗannan kantoci ne don gidajen Amurka, inda ake jera katakai masu kauri a kan silin, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa inci 16 ko 24. Mu kuwa abin da ke bayan silin ɗinmu yawanci siririn katako ne, tu-bai-tu, wanda aka kafa don ya riƙe allon silin kawai. Silin ɗin filasta na POP ma ba a maganarsa, ado ne.

Kafintan da ya haɗa min ita sai da ya leƙa cikin rufin da tocila. Da ya sauko ya ce, “Alhaji, in na ɗaura a nan, kan motarka za ta sauka.” Gara ta cinye cikin katako biyu, ga su lafiya ƙalau a ido. Ya canza su, ya gitta katako mai ƙwari, tu-bai-sikis, daga bango zuwa bango, sannan ya ɗaure sandunan da ke riƙe kantar da noti maimakon ƙusa, domin ƙusa zarewa take yi a hankali idan nauyi na janta ƙasa. Kuɗin wannan aikin ya kusa kamo kuɗin kantar, kuma mai shagon bai ce min uffan a kai ba.

Ko yanzu ba na ɗora mata hatsi. Buhun shinkafa ɗaya kilo 50 ne, biyar sun kusa cike ma'aunin, ga yara suna wasa a ƙarƙashi. Mai rufin kankare zai fi jin daɗinta, muddin ya sa notin da ke buɗewa cikin siminti. Mai kwano da tsohon katako kuma, gara ya kira mai walda ya yi masa kanta mai ƙafafu a jikin bango.