Rifita, mesh ko jan kebul: me za ka saya idan Wi-Fi bai kai ɗakin sama ba?

Gidan da muke haya a Lugbe bene ne, ga kuma boyis-kwata a baya inda ƙanena yake kwana. Rautar, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, tana falon ƙasa a bayan talabijin, don nan ne soket yake. A falo intanet sai sambarka. Da ka hau sama ka shiga ɗakin uwargida kuwa, sanda ɗaya ce za ka gani a waya, ita ma tana zuwa tana tafiya. Boyis-kwata ko ƙanshinsa ba ya ji. Na kusa shekara ina ɗora wa masu sayar mini da data laifi, ashe aikin bulo ne da dekin.

Gine-ginenmu na Abuja siminti ne zalla, dekin kuma kankare ne da rodi a ciki, babu abin da ke cinye sabis ɗin Wi-Fi kamarsu. Yawancin rautocin yanzu suna watsa sabis a kan zango biyu. Na 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, kuma nan ne rautocin maƙwabta suke cunkushe. Na 5 GHz ya fi gudu nesa ba kusa ba, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. Nisan da ake rubutawa a jikin kwali kuwa a fili ake auna shi, ba a gidan da aka zuba wa kankare ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, tsaya kusa da rautar ka gwada saurinta. Idan a nan ma tana jan ƙafa, matsalar daga waje take shigowa, babu na'urar da za ka saya ta gyara maka Wi-Fi ɗin da tun asali babu komai a cikinsa. Idan kuwa a kusa lafiya lau take, to fito da ita daga bayan talabijin, ka ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, nesa da firji da madubi. Sauke manhajar WiFi Analyzer, mai auna ƙarfin sabis, ka zaga ɗakuna: inda ta nuna -50 wuri ne mai kyau, zuwa -67 ana iya kiran bidiyo, da ta kai -80 sai haƙuri. A zangon 2.4 kuma ka shiga saitin rautar ka zaɓi tasha ta 1 ko 6 ko 11, wadda maƙwabta ba su cika ba. Akwai gidajen da iya wannan ya wadatar. Namu bai wadatar ba.

Rifita ita ce abin da mai shago zai fara miƙo maka, ƴar ƙaramar nan da ake maƙalawa a soket. Da kunne ɗaya take saurare kuma da shi take maimaitawa, don haka saurin yakan ragu da kusan rabi, kuma idan ka sa ta inda sabis ya riga ya mutu, mataccen za ta maimaita maka. Sandunan waya su cika fal, hoto ya ƙi buɗewa. Na'urar da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida ma ban ba ka shawara ba: a gidan da ke da layin wuta uku da canji tsakanin janareta da inbata, sai dai ka yi ta addu'a. Ƙatuwar rauta mai eriya takwas kamar gizo-gizo kuwa, ko da muryarta ta kai ɗakin sama, wayarka ce za ta amsa mata, ita kuma ƙaramar murya gare ta. Mai lasifika ne yake magana da mai raɗa.

Mesh ya fi su duka mutunci. Na'urori biyu ne ko uku, irin su TP-Link Deco ko Tenda Nova, suna aiki da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, kana yawo a gida wayarka tana komawa kan wadda ta fi kusa ba tare da ka taɓa komai ba. Wanda ke zaune a filat mai faɗi, ko wanda mai gidan haya ya hana shi huda bango, nan ya kamata ya tsaya. Amma fa su ma ta iska suke magana da junansu, dekin ɗin da ya hana wayarka ji shi ne zai shiga tsakaninsu.

Ni abin da na zaɓa, kuma da shi nake aika duk wanda ya tambaye ni, shi ne jan kebul. Ka sayi kebul ɗin intanet samfurin Cat6, ka jona shi a bayan babbar rauta, ka bi da shi ta jikin matakala ko ta bayan taga zuwa sama, can ka ajiye rauta ta biyu. A cikin saitinta ka zaɓi Access Point, ka ba ta suna da kalmar sirri irin na ta ƙasa. Shi ke nan. Kebul ba ruwansa da kaurin bango, yana kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba, kuma mita 100 ta fi tsawon kusan kowane gida da na sani. Tsohuwar rautar da ka jefa a durowa ma tana iya yin aikin. Idan aljihu da nauyi, haɗa biyun: sayi mesh ka jona na'urorin da kebul, ka samu suna ɗaya da cikakken gudu a kowane hawa. Na ja ɗaya zuwa sama, ɗaya zuwa boyis-kwata. Na wajen sai da na sa shi cikin bututun roba, saboda rana da ɓera da ruwan daminar Abuja, kuma idan hadari ya haɗo da tsawa nakan ce wa ƙanena ya zare shi. Muninsa ɗaya ne, sai an yi huda kuma ana ganinsa a bango. Uwargida ta yi ƙorafi kwana biyu, ranar da ta yi hira da ƴar'uwarta ta bidiyo daga kan gado ta daina.

Masu Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam wadda ta shigo Najeriya a 2023, su duba bayan rautarsu tukuna. Samfuri na biyu ba shi da ramin kebul sai an sayi ƴar mahaɗa daban, na uku ne ya zo da ramuka biyu.

To ga inda aka ci ni, kuma nan ne nake so ka buɗe ido. Kebul ɗin farko da na saya, kwalinsa fes, an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro. Na ce wa yaron shagon, “Anya mai kyau ne?” Ya ce, “Haba Alhaji, orijina ne, ko banki shi suke sawa.” Wata uku bai cika ba intanet ɗin sama ya fara yankewa. Mai gyara ya zo, ya yanki ɗan guntu ya kankare da reza, sai ga fari tas a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wanda ake kira CCA. Yana karyewa a wurin lanƙwasa, ba ya kai nisan da na gaske ke kaiwa, kuma idan ka tura wuta ta cikinsa zuwa kyamara ko rautar da ke cin wuta ta kebul, zafi yake ɗauka. Kuɗin kebul, kuɗin aiki, duk sai da na sake biya.

Gane shi ba wuya. Kankare silin waya ɗaya: jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. Ko ka kunna masa ashana, na alminiyam nan take zai langaɓe ya narke, na gaske zai yi ja ya tsaya. Kwalin mita 305 na gaske yana da nauyi a hannu, na jabu sakayau yake. Kuma idan farashin ya yi araha fiye da na sauran shaguna da yawa, ka san dalili, araha ba ta ado.

Ba kebul kaɗai ba. Rifitar da na fara saya mai eriya huɗu ce, da ta lalace na fasa ta don son sani, biyu daga cikin eriyoyin roba ce kawai babu ko zare a ciki. Akwai kuma wayon lamba. AC1200 da ake rubutawa a jikin rauta ba yana nufin za ka samu gudun megabit 1200 a daƙiƙa ba, jimlar 300 ce ta zango ɗaya da 867 ta ɗayan. Wasu rautocin masu wannan lambar ramukan kebul ɗinsu 10/100 ne, ba sa wuce 100 komai ƙarfin layinka, don haka nemi wadda aka rubuta Gigabit. Rauta ta hannu kuma, wadda ake ce maka daga Landan ta zo, wata an kulle ta a kan kamfanin can, wata kuma an musanya mata caja da wadda ba tata ba. Sannan kada a haɗa ka da busta ta layin waya a ce ta Wi-Fi ce. Abu ne daban, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta gargaɗi jama'a kan saye da kafa irinta.

Sai batun wuta, wanda babu kwalin da zai faɗa maka. Duk na'urar da ka ƙara, baki ne da ke jiran lantarki. Idan aka ɗauke wuta inbata tana riƙe da falo kawai, ta sama ta mutu, kebul ɗinka ya zama igiyar shanya. Ƙaramin batirin rauta yana maganin wannan, amma juya na'urar ka karanta abin da take ci, wasu bolt 9 ne wasu 12, kada ka haɗa su a makance.

Kaya suna nan birjik a Banex da Emab a Wuse 2, farashi kuma yana bin dala, don haka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi. A kunna maka rautar a gabanka, a rubuta lambar jikinta da kwanakin garanti a kan rasit. Kebul kuwa ka tafi da rezarka a aljihu, ka ce a yanko maka guntun gwaji daga ainihin kwalin da za a auna maka, ba daga wanda ke rataye a bakin shago ba.